Ruth First: Bayahudiyar Da Ta Ba Da Ranta Don 'Yancin Baƙar Fata

Yau 'yar uwa zan ɗauke ki daga nan Daura mu yi doguwar tafiya zuwa can ƙarshen nahiyarmu ta kudu, in ba ki labarin wata mata mai suna Ruth First.

Tun kafin mu yi nisa bari in faɗa miki gaskiya, kada ki ji daga baya ki ce na ɓoye miki. Matar nan farar fata ce, Bayahudiya ce, sannan kuma 'yar gurguzu ce wadda ba ta damu da addini ba, ko da na kakanninta. Na san da jin kalmar Bayahudiya ranki ya tafi Falasɗinu, kuma za mu zo kan wannan. Abin da ya sa na zaɓo ta shi ne, an haife ta a ɓangaren da zalunci yake ciyarwa, aka ajiye mata akushi a gabanta, ta ture shi, ta koma wajen waɗanda ake zalunta. Wannan zaɓi ya raba ta da gidanta, ya raba ta da ƙasarta, daga ƙarshe ya raba ta da ranta.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Ruth a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu ranar 4 ga Mayu, 1925. Mahaifinta Julius First daga ƙasar Latbiya aka zo da shi yana yaro, mahaifiyarta Matilda, wadda aka fi sani da Tilly, ita kuma daga Lituweniya. Iyalansu suna cikin dubban Yahudawan da talauci da tsangwama suka koro daga ƙasashen da ke ƙarƙashin sarkin Rasha a wancan zamani. To kin ga mutanen da aka wulaƙanta a can, da suka sauka Afirka ta Kudu sai doka ta sa su cikin jerin fararen fata, wato iyayen gijin ƙasa. Mahaifinta ya buɗe masana'antar kujeru da gadaje, suka zauna a unguwar Turawa, da 'yan aiki baƙaƙe kamar kowane gidan Bature.

Sai dai gidansu ya bambanta da na maƙwabta ta fuska guda. Iyayenta suna cikin mutanen farko na jam'iyyar 'yan gurguzu ta ƙasar, wadda aka kafa a 1921, kuma a wancan lokaci ita ce jam'iyyar da baƙi da fari ke zama kan benci ɗaya. Ruth ta tashi tana jin ana gardamar siyasa a kan abinci, ana kai ta wuraren lacca tun tana yarinya. Ta yi sakandaren 'yan mata ta Jeppe, sannan ta shiga Jami'ar Witwatersrand inda ta gama digiri a fannin nazarin zamantakewa a 1946. A can ta haɗu da wani ɗalibin lauya mai suna Nelson Mandela, da wani Musulmi ɗan asalin Indiya mai suna Ismail Meer, waɗanda suka zama abokan gwagwarmayarta.

Wace irin ƙasa ce wannan?

Domin ki gane abin da ta yaƙa, bari in kwatanta miki. Dokokin ƙasa na 1913 da 1936 sun ware wa baƙar fata kashi 13 kacal cikin 100 na ƙasar kakanninsu, alhali su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Da jam'iyyar Turawan Afirkana ta hau mulki a 1948, sai ta mayar da wariyar launin fata cikakken tsarin gwamnati. A 1949 aka haramta aure tsakanin fari da wanda ba fari ba. A 1950 aka yi wa kowa rajista da launinsa, aka kuma raba unguwanni. Makaranta daban, asibiti daban, motar haya daban, har maƙabarta daban.

Wadda ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ita ce dokar takardar izinin yawo. Ki ɗauka a ce maigidanki zai taso daga Sandamu ko Zango ya shigo Daura neman abin sawa a baka, amma sai ya riƙe wani ɗan littafi mai hatimin Bature, ana tare shi a hanya fiye da yadda ake tare mai tsallaka iyaka a Kwangwalam, alhali a ƙasar ubansa yake. Ranar da ya manta littafin a aljihun wata riga, ranar zai kwana a caji ofis, ke kuma kina gida da yara ba ki san inda yake ba. Haka miliyoyin mata suka rayu shekara da shekaru.

Alƙalami ya zama makaminta

Da ta gama jami'a ta samu aiki mai kyau a ofishin hukumar birnin Johannesburg. Ba ta daɗe ba, a watan Agusta 1946, baƙaƙen ma'aikatan haƙar zinariya fiye da 60,000 suka shiga yajin aiki suna neman ƙarin albashi. 'Yan sanda suka murƙushe su cikin mako guda, aka kashe wasu, aka jikkata fiye da 1,000. Ruth ta shiga cikin masu buga musu takardun faɗakarwa a ɓoye, ta ajiye aikin hukuma, ta koma aikin jarida tana da shekara 21.

A 1947, tare da wani limamin coci mai suna Michael Scott da wani jagoran manoma baƙar fata mai suna Gert Sibande, ta shiga gonakin dankalin Turawa na yankin Bethal ta ga abin da ake ɓoyewa. Ma'aikata sanye da buhu da aka huda wa wuya da hannuwa, suna tonon dankali da yatsunsu, masu gadi na bin su da bulala, da dare a kulle su kamar dabbobi. Ta rubuta, jaridarsu mai suna Guardian ta buga. Shekaru bayan haka, ita da wani ɗan jarida baƙar fata mai suna Joe Gqabi suka sake tono yadda 'yan sanda ke kama mutane kan laifin takardar yawo su miƙa su ga masu gonaki, wasu su mutu a can a binne su ba tare da iyalansu sun sani ba.

Kin san abin da ya biyo baya? A 1959 jam'iyyar ANC ta yi kira a ƙaurace wa dankali. Matan gida, irinki da irina, su ne suka riƙe wannan yaƙi, domin su ke cefane su ke girki. Suka daina saye, dankali ya taru a kasuwanni yana ruɓewa, gwamnati ta dakatar da wancan tsari na tura kamammu gonaki. Ashe kwandon cefane ma makami ne idan masu riƙe da shi sun haɗa kai.

Gwamnati ta haramta jaridar a 1952, suka canza mata suna suka ci gaba. Duk lokacin da aka rufe, sai ta fito da sabon suna, har aka kai ga New Age, wadda ita ma aka haramta a 1962.

Aure da 'ya'ya

A 1949 ta auri Joe Slovo, wani lauya Bayahude da aka zo da shi daga Lituweniya yana yaro. Allah Ya ba su 'ya'ya mata 3: Shawn a 1950, Gillian a 1952, Robyn a 1953. Gidansu na unguwar Roosevelt Park ya zama mahaɗar baƙi da fari da Indiyawa, ana ci ana sha tare, abin da maƙwabta ke kallo kamar ƙazanta. Waɗanda suka san ta sun shaide ta da son ado da tsaf-tsaf, da kuma kaifin harshe, domin ba ta raga wa kowa a gardama, har mijinta. Mutane da yawa suna shakkar ta saboda wannan hali.

A 1953 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar fararen fata masu mara wa ANC baya. Ta yi aiki a kwamitin da ya tsara Kundin 'Yanci na 1955, amma ba ta samu halartar taron Kliptown da aka amince da shi ba, saboda gwamnati ta hana ta shiga taro. A Disamba 1956 aka kama mutum 156 aka tuhume su da cin amanar ƙasa, har da Mandela da Cif Albert Luthuli da Walter Sisulu, har da ita da mijinta. Fararen fata 23 ne a cikinsu, kuma fiye da rabinsu Yahudawa ne. Shari'ar ta ja har Maris 1961, ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba.

Ana cikin haka, ranar 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar takardar yawo a Sharpeville suka kashe mutum 69, yawancinsu ta baya aka harbe su suna gudu. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka haramta ANC, aka tsare mijinta. Ruth ta kwashi yaranta ta tsallaka Swaziland, da ƙura ta lafa ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya.

Kwana 117 a ɗaki ita kaɗai

A 1963 aka hana ta aikin jarida kwata-kwata, sai ta koma jami'a koyon aikin laburare. A watan Yuni mijinta ya fita ƙasar a ɓoye. Ranar 11 ga Yuli 'yan sanda suka dira a wata gona a Rivonia suka kama manyan shugabannin gwagwarmaya. Ranar Juma'a 9 ga Agusta suka zo laburaren jami'a suka kama ta, suka kai ta gida suka yi bincike, sannan suka tafi da ita yaranta na kallo. Babbarsu shekararta 13. Uba ba ya ƙasar, kakansu Julius ma ya tsere, sai kaka Tilly ce ta rungumi yaran.

Akwai wata doka sabuwa a lokacin da ta ba ɗan sanda ikon tsare mutum kwana 90 ba tuhuma, ba lauya, ba kotu. Da wannan doka aka tsare Ruth. Aka kulle ta a wani ɗan ɗaki a caji ofis na Marshall Square, daga baya aka kai ta gidan yarin Pretoria. Ba abokin magana, ba takarda, ba alƙalami, littafin da aka bar mata kawai shi ne Baibul. Don kada lissafin kwanaki ya ɓace mata, sai ta riƙa yin ɗinki ɗaya da allura da zare a bayan wuyar rigarta kowace safiya, in sun kai 7 ta gicciya musu zare, mako ya cika ke nan. Abin da suke so a bakinta sunaye ne: wa ke zuwa Rivonia, wa ke ba da kuɗi.

Da kwana 90 suka cika aka ce ta tattara kayanta ta tafi gida. Ta fito titi ta nufi wayar tarho ta kan hanya don ta kira gida, ko lambar ba ta buga ba suka sake kama ta, wasu kwana 90 sabbi. Wallahi 'yar uwa ki auna wannan a zuciyarki. A nan ne ƙarfinta ya fara karyewa. Ta yarda ta yi musu bayani da niyyar ta faɗi abin da suka riga suka sani kawai, sai ta fahimci tarko ne, ta yi shiru. Tsoro ya kama ta kada su yaɗa cewa ta ci amanar 'yan uwanta, ko kuma su matsa ta har wani suna ya suɓuce mata. Cikin wannan ƙunci ta haɗiye ƙwayoyin barcin da ke hannunta don ta kashe kanta, Allah bai karɓi ranta ba. Ban kawo wannan don in yaba ba, na kawo ne don ki ga inda kaɗaici da azaba ke kai ɗan Adam, kuma ita da kanta ta rubuta shi ba ta ɓoye ba. Bayan kwana 117 suka sake ta.

Gudun hijira

A Maris 1964 ta bar ƙasar da 'ya'yanta da takardar fita wadda ba ta da dawowa. Suka haɗu da mijinta a Landan. Ba ta sake taka ƙasar haihuwarta ba har ta mutu. A 1965 ta fitar da littafi kan tsarewarta, ta sa masa sunan adadin kwanakin, kuma ita ce ta tattara jawaban Mandela da rubuce-rubucensa aka buga su littafi yana kurkuku. A 1970 ta fitar da The Barrel of a Gun, wato bakin bindiga, kan juyin mulkin soja a Afirka, inda ta yi dogon nazari kan Sudan da Gana da kuma juyin mulkin 1966 na Nijeriya. A 1974 ta rubuta wani kan Libiya. Ta koyar a Jami'ar Durham ta Ingila daga 1973.

Amma hankalinta na gida. A 1977 ta karɓi aikin shugabar bincike a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Eduardo Mondlane da ke Maputo, babban birnin Mozambik, maƙwabciyar Afirka ta Kudu. Ta riƙa fita ƙauyuka da ɗalibanta suna tattara labarin mazan da ake kwasa zuwa ramukan zinariya, da matan da ake bari da noma da reno.

Rasuwarta

Ranar Talata 17 ga Agusta, 1982, tana ofis a jami'a tare da abokan aiki, tana buɗe wasiƙun da aka kawo mata. Ɗaya daga ciki bam ne. Ya tashi a hannunta, nan take ta mutu tana da shekara 57. Mutum 3 da ke ɗakin suka jikkata, har da shugaban cibiyar Aquino de Bragança da Pallo Jordan na ANC. Aka binne ta a Maputo kusa da baƙaƙen 'yan gwagwarmaya da sojojin Afirka ta Kudu suka kashe a harin Matola na 1981. A daidai wannan lokaci, namu marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, shi ke shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Kin ga yaƙin nan da mu aka yi shi.

Bayan mulkin wariya ya faɗi a zaɓen Afrilu 1994, wani jami'in leƙen asiri mai suna Craig Williamson ya amsa cewa shi ya ba da umarnin haɗa bam ɗin, wani Roger Raven ya haɗa. 'Ya'yanta sun tsaya gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa suka ƙi amincewa a yafe musu, amma a shekarar 2000 hukumar ta yi musu afuwa. Mijinta ya ga 'yanci, ya zama ministan gidaje a gwamnatin Mandela, ya mutu a Janairu 1995 aka binne shi a Soweto cikin baƙar fata.

Abin da 'ya'yanta suka biya

A matsayinki na uwa na san tambayar da ke ranki: yaran fa? Tambaya ce mai nauyi. Shawn ta rubuta labarin fim mai suna A World Apart da ya fito a 1988, Gillian kuma ta rubuta littafi a 1997, duka sun nuna yara masu alfahari da uwarsu, masu kuma jin haushin cewa kullum su ne na biyu. Gida cike da asirai, uwa ta fita ba a san inda ta tafi ba, yara a makaranta ana nuna su da baki. Gillian ta ba da labarin cewa ranar mutuwar mahaifinsu Mandela ya gaya musu shi ma wata 'yarsa ta taɓa ƙin rungumarsa, tana ƙorafin ya zama uban kowa amma ita bai samu lokacinta ba. Ni dai ba zan yanke miki hukunci ba. Haƙƙin 'ya'ya haƙƙi ne, amma ki tuna da uwayen Soweto da Bethal waɗanda ba wanda ya ba su zaɓi kafin a raba su da nasu.

Maganar Yahudanci

To mu dawo kan alkawarin da na yi miki. A shari'ar Rivonia da aka yanke ranar 12 ga Yuni, 1964, mutum 8 aka yi wa ɗaurin rai da rai. A cikinsu akwai Mandela, akwai Ahmed Kathrada ɗan gidan Musulmi, akwai Denis Goldberg Bayahude, wanda ya yi shekara 22 a kurkuku, kuma bayan fitowarsa ya zama mai sukar yadda Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa. Lauyan gwamnati da ya tsaya kai da fata sai an ɗaure su, Percy Yutar, shi ma Bayahude ne. Babbar majalisar Yahudawan ƙasar ba ta fito fili ta la'anci wariya ba sai a 1985. Gwamnatin Isra'ila kuwa ta yi hulɗar makamai da gwamnatin wariya, har ta karɓi baƙuncin Firayim Minista John Vorster a 1976. Kin ga ƙabila ɗaya, wasu a kujerar mai tuhuma, wasu a akwatin wanda ake tuhuma.

Haka Musulmin ƙasar, akwai waɗanda suka yi shiru don tsira da shagunansu, akwai waɗanda suka miƙe. Rahima Moosa tana cikin mata 4 da suka jagoranci mata kusan 20,000 zuwa fadar gwamnati a Pretoria ranar 9 ga Agusta, 1956. Imam Abdullah Haron na Cape Town ya rasu a hannun 'yan sanda ranar 27 ga Satumba, 1969, bayan kwana 123 a tsare. Suka ce faɗowa ya yi daga matakala, sai a 2023 kotu ta tabbatar da cewa azabtar da shi aka yi har ya cika. Allah Ya jiƙansa.

Saboda haka 'yar uwa, idan yaronki ya tambaye ki wane ne azzalumi, ki koya masa ya duba aikin mutum kafin ya tambayi asalinsa. Sannan mu waiwayi gidajenmu. Yarinyar da aka kawo miki aikatau daga ƙauye, a ina take kwana, a wane kwano take ci, tana zuwa makaranta kamar naki? Almajirin da ke miki wanke-wanke, kin san sunansa na yanka? Saurayin da aka hana 'yarku saboda an ce kakansa bawa ne ko mahauci, me ya yi? Ruth First ta fara ne daga ranar da ta lura da wanda ke wahala domin ita ta ji daɗi, kuma wannan lura ba ta buƙatar digiri ko fasfo.

Nan zan dakata. Allah Ya ba mu ikon tsayawa kan gaskiya ko da a kan kawunanmu ne, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.